James Earl Jones: Muryar da Ta Danne Mai Ita

Da James Earl Jones ya rasu ranar 9 ga Satumba 2024 yana da shekara 93, kusan duk ta'aziyyar da aka rubuta a kan murya ta tsaya: Darth Vader na Star Wars, Mufasa na The Lion King, sai muryar nan da ke sanar da sunan tashar CNN. Ba ƙarya aka yi ba. Amma a ganina yabon nan ya rage wa mutumin tsawo, domin aikinsa mafi nauyi a kan dandamalin wasan kwaikwayo ya yi shi, gaban 'yan kallo, inda babu makirufo da zai ɓoye a bayansa.

An haife shi a Arkabutla ta jihar Mississippi a 1931, ya tashi a hannun kakanninsa a Michigan. Yana yaro in'ina ta kama shi sosai, har ya shafe shekaru da kyar yake buɗe baki. Wani malaminsa na sakandare, Donald Crouch, shi ya sa shi karanta waƙoƙin da ya rubuta a gaban aji. Wannan tarihin yana cikin salonsa. Saurari yadda yake magana: ba ya gaggawa, yana ɗora kalma kan kalma kamar mai jera tubali, yana barin shiru a tsakani. Abin da ake ɗauka isa ce ta sarauta, asalinsa taka-tsantsan ne na mutumin da ya san harshe na iya bijire masa.

A 1968 ya fito a Broadway cikin The Great White Hope, a matsayin Jack Jefferson, ɗan damben da aka gina kan rayuwar Jack Johnson, baƙar fata na farko da ya zama zakaran duniya a ajin masu nauyi. Ya ci kyautar Tony a 1969, fim ɗin 1970 kuma ya kai shi takarar Oscar. Wanda ya kalli fim ɗin zai ga wani Jones daban: mai dariyar tsokana, mai zafin nama, wanda fushi ke cin sa a tsaye. Jikinsa ne ke wasan, murya tana biye. Haka a Fences na August Wilson a 1987, inda ya zama Troy Maxson, mai kwashe shara da ya danne ɗansa da irin nauyin da duniya ta danne shi da shi. Tony ta biyu ke nan. Yawancinmu Troy na Denzel Washington muka sani, na fim ɗin 2016. Na Jones saura 'yan gutsattsarin bidiyo, domin wasan dandamali da an tashi ya tafi.

Hollywood kuwa ta gano abu ɗaya ta riƙe. A Star Wars na 1977, David Prowse ne cikin baƙar rigar, Jones ya sa murya kan dala 7,000, kuma shi da kansa ya ce kada a sa sunansa. (Mu da muka saba ganin jarumin Kannywood na motsa baki mawaƙi na rerawa, rabon nan ba baƙo ba ne a wurinmu.) Daga nan sai sarki, uba, babban hafsa. Sarki Jaffe Joffer na Coming to America a 1988 yana da ban dariya, amma ba a nemi komai a wurinsa ba sai kwarjini. Talabijin ta ɗan fi adalci: Alex Haley a Roots: The Next Generations a 1979, da Emmy biyu a 1991, na Gabriel's Fire da Heat Wave. A fina-finan da ya yi daga baya, Cry, the Beloved Country na 1995 ne ya bar shi ya yi rauni, a matsayin limamin cocin da ya je Johannesburg neman ɗansa.

A 2022 aka sa wa gidan wasan Cort na Broadway sunansa. A shekarar ce kuma aka ji Vader a shirin Obi-Wan Kenobi da muryar da kamfanin Respeecher na Yukren ya haɗa daga tsofaffin faifansa, da yardarsa. A matsayina na mai rubuta manhaja, na san abin da irin wannan tsari ke koya: kaurin sauti da launinsa, abin da ke maimaituwa a cikin bayanai. Inda za a tsaya, da dalilin tsayawar, wani ne zai yanke. A 2025 muryar ta shiga wasan Fortnite tana amsa wa 'yan wasa kai tsaye, nan da nan wasu suka sa ta ashar, ƙungiyar 'yan wasa ta SAG-AFTRA kuma ta shigar da ƙorafi cewa an maye gurbin aikin mambobinta ba tare da an zauna da ita ba.