Jirgin Kara da Matsalar Awo: Nazari kan Ƙere-ƙeren Yaran Amarawa

A Amarawa, kamar sauran garuruwan noma da ke kan hanyar Sakkwato zuwa Illela da Birnin Ƙonni, kara ba ya zama shara bayan kaka. Manya na kwasarsa su yi darni da rumfa, mata su hura wuta, abin da ya rage dabbobi su ci. Yara maza kuma na zaɓen nasu, su zauna a inuwa da tsohuwar reza, su fitar da mota da keke da tabarau da rediyo, wani lokaci har da jirgin sama. Wannan ƙira ba ta da sarki kamar yadda maƙera da magina suke da nasu, ba ta da rumfa a kasuwa, amma tana da ƙa'idoji da ake gada daga wa zuwa ƙane. A ganina, fasaha ce da ta koya wa yaranmu ido da hannu, ta bar su ba awo, kuma wannan giɓi ne ya hana ta girma tare da masu yin ta.

Sai mutum ya zauna kusa da mai yi kafin ya gane hikimar da ke ciki. Karan dawa ake so, wanda ya bushe bai ruɓe ba. Yaro zai yanke shi tsakanin gaɓa da gaɓa, ya sa haƙori ko reza ya ɓare bayan siri-siri, ya bar farar totuwar ciki. Daga abu ɗaya ya sami kayan aiki biyu: totuwa mai laushi da rashin nauyi, wadda ake sassaƙawa yadda ake so, da bayan kara mai ƙarfi da kaifi, wanda kan tsaga yatsa in aka yi garaje. Sai ya riƙa soka bayan karan cikin totuwa, wannan ya riƙe wancan, ba ƙusa ba gam. Inda ake son lanƙwasa, bayan kara yana tanƙwaruwa ya zama baka. Inda ake son ƙarin ƙarfi, a cake da ƙayar aduwa. Taya kuwa daga sakaina ake fafe ta ko daga tsohon silifas. 'Yan birni da ba su da kara sun yi irin wannan da langa-langa da gwangwanin madara.

Ƙarfin wannan al'ada yana wurin kallo. Yaron da ya tashi a bakin iyaka ya ƙare wa manyan motoci kallo, masu ɗauke da albasa da shanu zuwa kudu, don haka motarsa ta kara takan fito da bodi da tsani da madubin gefe, har da wurin zaman yaron mota. Jirginsa kuwa yakan fito da rauni: dogon kara ɗaya, wani a gicciye, da ɗan wutsiya. Dalilin a fili yake. Motar ya taɓa ta da hannunsa, jirgin kuwa daga nesa yake hango shi a sama.

A wasu ƙasashe akwai wata al'adar da ta fara daga inda tamu ta tsaya, wato gina ƙaramin samfurin jirgi bisa ma'auni. Dokarta ɗaya ce: kowane sashe a rage shi da adadi guda. Ma'aunin da ya fi shahara shi ne 1:72, wanda ya yaɗu daga Ingila a shekarun 1930, ma'ana inci ɗaya a samfuri yana madadin ƙafa shida a jirgin gaske. Masu yin sa suna aiki da itacen balsa mai sauƙin nauyi da ake samowa daga Kudancin Amurka, ko su sayi sassan roba da kamfanoni irin su Airfix suka riga suka zuba, su harhaɗa su yi fenti. Wanda ya sayi kwalin roba ya sami daidaito amma bai sassaƙa komai ba. Yaron Amarawa ya sassaƙa komai da kansa, sai dai da ido ya kintata. Kowannensu yana da abin da ɗayan ya rasa.

Akwai jirgin da ya dace a haɗa al'adun biyu a kansa, kuma tarihinsa ya ratsa ƙasar Hausa. A ranar 1 ga Nuwamba 1925, zamanin Sarkin Kano Usman, jirage uku na sojan saman Birtaniya suka sauka a Kano a ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. Sun taso daga Helwan kusa da Alƙahira a ƙarshen Oktoba, suka biyo ta Khartum da El Fasher da Fort Lamy, wadda yau ake kira Injamena, da Maiduguri. Wannan tafiya ita ake lissafawa a matsayin farkon zuwan jirgin sama Nijeriya. Samfurin jiragen shi ne DH.9A, wanda aka fara ƙerawa a 1918, ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya. Fukafukai biyu gare shi, ɗaya bisa ɗaya, da wurin zaman mutum biyu a buɗe, da inji mai suna Liberty mai silinda 12 da ƙarfin doki 400. Faɗinsa daga bakin fiffike zuwa ɗaya bakin kusan mita 14 ne, tsawonsa kuma ya ɗan haura mita 9.

Jirgin zamani sulɓi ne da shi, kara ba ya iya kwaikwayon jikinsa na ƙarfe. Shi kuwa DH.9A ƙashinsa katako ne, fatarsa yadi ce da aka ɗame aka shafe da wani irin fenti, wayoyi kuma suka ɗaure shi. Ginin rumfa ne da aka koya wa tashi, don haka duk wanda ya iya soka bayan kara cikin totuwa ya riga ya san rabin aikin.

Sauran rabin lissafi ne. A ɗauki ma'aunin 1:20, domin 1:72 ya yi wa kara ƙanƙanta. Mita 14 in aka raba 20 za a sami santimita 70, shi ne faɗin fiffike. Gangar jiki kuma santimita 46. Da rula ko tef ɗin tela za a zana wannan a kan kwali kafin a taɓa reza. Kowane fiffike a yi masa dogayen sanduna biyu, a jera haƙarƙari a kansu da tazara ɗaya, a lulluɓe da takardar buhun siminti ko siririn ƙyalle, a manne da ƙaro. Daga nan wahalar take farawa. Tsakanin fiffiken sama da na ƙasa akwai ginshiƙai takwas, huɗu a kowane gefe, ban da gajerun da suka ɗora na sama a kan gangar jiki. In ɗaya ya fi ɗan'uwansa tsawo da ko kaurin ƙwayar gero, jirgin gaba ɗaya zai karkace. Fiffiken sama yana ɗan gaba da na ƙasa, bakunansu kuma sun ɗan ɗaga sama. Zaren da zai tsaya a madadin waya sai an ja shi a gicciye tsakanin ginshiƙai, a ɗame dama da hagu daidai wa daida. Wanda ya gama gefe ɗaya kafin ya taɓa ɗayan zai ga fiffike ya murɗe a hannunsa.

Sai ƙananan abubuwa, waɗanda su ke raba gwani da ɗan koyo. Farfelar katako ce, a murɗe take, ba a shimfiɗe ba. A wutsiya babu taya, sai ɗan sanda mai jan ƙasa. Tambarin da ke fiffike da'ira uku ne, ja a tsakiya, sai fari, sai shuɗi a waje. Waɗanda suka yi aiki a ƙasashen zafi an ƙara musu lagireto a ƙarƙashin hanci, wasu ma da safayar taya a ɗaure a jiki. A wurin zaman baya kuma akwai zoben ƙarfe da ake ɗora bindiga. Wannan zobe bai kamata a tsallake shi don a ƙawata jirgin ba. Da irin waɗannan jirage Birtaniya ta yi wa ƙauyukan Iraƙi ruwan bama-bamai a shekarun 1920, kuma zuwansu Kano ya faru shekara 22 kacal bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903. Yaron da ya tambayi amfanin zoben ya buɗe wa kansa darasin tarihi, kuma ya cancanci a ba shi amsa ta gaskiya.

Bayan rashin awo, rauni na biyu na al'adar ƙirar kara daga wurinmu manya yake. Muna kallon ta a matsayin wasan yara, da zarar yaro ya tasa sai a ce ya girmi kara. Abin da ya ƙera ba mai ajiyewa, gara ta cinye ko a hura wuta da shi. Kayan wasan roba masu arha da wayar hannu sun ƙara janye hankalin yara. Idan kuma wani matashi ya fito da abin mamaki, kamar Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero da ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da sassan tsofaffin motoci a 2007, sai a yi ta yayatawa na ɗan lokaci, a manta da tambayar inda irinsa suke fara koyon hannu. Kwalejin koyon tuƙin jirgin sama da ke Zariya tana nan tun 1964, kuma duk wanda zai gyara jirgi a can dole ya iya karanta zane ya bi awo ba ƙari ba ragi.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Malamin firamare a Amarawa ko Kalmalo ko Araba da ke fama da koyar da rabawa da ma'auni yana da kayan aiki jibge a bayan aji duk bayan kaka, ba sai ya jira kuɗi daga ƙaramar hukuma ba. Abin da ake buƙata hoton jirgin DH.9A ne ta gaba da ta gefe da ta sama, da rula, da babban mutum guda da zai ɗauki aikin da muhimmanci har ya ce wa yaro ginshiƙinsa na uku ya gaza, ya cire ya sake yankowa. Yaranmu sun daɗe da iya sassaƙa. Haƙƙinsu ne a kanmu mu koya musu aunawa kafin su yanka.