Malam da Likita a Littattafanmu

Duk mai bin labaran da ake saki shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad ya san wannan babin. Amarya ta daina cin abinci, ta daina barci, sai kuka ba dalili. A kai ta asibiti, likita ya duba ya ce bai ga komai ba. Sai a kira malam ya fara ruƙiyya, aljani ya yi magana da muryar ƙato, ya tona asirin kishiya, ya fita. Babi na gaba tana kicin tana tuƙa tuwo. Mu da muke sana'ar rubuta manhaja, abin yakan tuna mana da kashe waya a sake kunnawa.

Ba ruƙiyyar muke suka ba. Wanda ya tashi da azkar safe da yamma ba zai ajiye imaninsa a bakin ƙofa tare da takalmi don zai ga likita ba, kuma likitan da ya nemi haka ya rasa shi tun zaman farko. Abin da ke damunmu shi ne yadda marubuta suka mai da malam da likita kishiyoyi, dole ɗaya ya ji kunya. Masu ganin sun kawo sauyi ma juya hoton kawai suka yi: malam ya zama ɗan damfara, likita mai tabarau ya rubuta ƙwaya, shi ke nan.

Alhali magabata ba su raba su haka ba. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934 miladiyya, ya kasa baƙin ciki gida biyu a littafinsa Masalihul Abdan wal Anfus. Akwai wanda aka san musabbabinsa, kamar rashin masoyi ko dukiya, wanda nasiha da gyaran tunani ke warkarwa. Akwai kuma mai saukowa haka kawai, wanda ya danganta da jiki, ya ce a nema masa magani ta nan. Malik Badri, masanin halayyar ɗan Adam ɗan Sudan, ya fitar da fassarar wannan sashe da Turanci a 2013. A nan Najeriya ma, tun 1954 Dakta Adeoye Lambo ya zaunar da marasa lafiya a gidajen ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, kowa da ɗan'uwansa, yana aiki tare da masu maganin gargajiya.

Wani zai ce ai labari ne kawai. To amma mai jegon da damuwa ta kama, ta karanta sau goma cewa asibiti ba ya ganin komai, da wuya ta ce a kai ta Dawanau ko Barnawa. Ba mu manta 2019 ba, da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gidan mari a Rigasa, wasu da sarƙa a ƙafa. Da yawansu danginsu ne suka kai su da hannunsu, neman sauƙi.

Babin da muke jira a rubuta shi ne na tsakiya, mai tsawo. Wata shida ana shan magani yana sa kasala, uwar miji tana cewa a daina. Likitar da za ta tambayi mara lafiya wace sura ce ke kwantar mata da hankali. Malamin da zai gama tofi ya ce, "Alhaji, gobe ka kai ta asibiti, ni zan ci gaba da addu'a." Da kuma ranar da ciwon zai dawo bayan kowa ya ɗauka an gama.