Dangin Harshe: Daga Firisiya Zuwa Karare

A ƙasar Karare ta Batsari, dattijo zai ce maka "zamna", ya yi zancen "amre" da "abduga". Ɗan boko da ya saba da Hausar littafi sai ya yi murmushi, wai Hausar ƙauye. Ni kuwa a ganina abin da dattijon ke riƙe da shi ya fi labaran asali da muke tinƙaho da su nauyi wajen gane dangin harshenmu.

Al'adarmu ita ce mu nemo wa harshe asali ta hanya biyu. Ko dai mu ƙirga kalmomin Larabci da ke cikin Hausa, irin su littafi da alƙali da Alhamis, mu ce ai jini ɗaya ne, ko kuma mu kawo labari. Shahararren labarin shi ne na Gwandara, mutanen Karshi da wasu sassan Nasarawa da Abuja: wai wani ɗan sarki ya bar Kano da jama'arsa don ƙin Musulunci, suna cewa "gwanda rawa da salla". Labarin da daɗin ji, amma wasa da kalma bai zama hujja ba.

Ingilishi ya isa misali. Bayan Normawa sun ci Ingila a 1066, Faransanci ya malale cikinsa har mai kallo daga nesa ya zaci 'yan ɗaki ɗaya ne. Alhali danginsa na kusa wani ƙaramin harshe ne, Firisiyanci, da ake yi a arewacin Holan da gaɓar tekun Jamus, yankin da Angulawa da Saksonawa suka taso suka ƙetara zuwa Birtaniya a ƙarni na 5. Shaidar tana cikin kalmomin gida. Cuku a Ingilishi "cheese" ne, a Firisiyanci "tsiis", amma Holanci ya ce "kaas". Majami'a ma haka: "church" da "tsjerke" a gefe guda, "kerk" a ɗayan. Sautin "k" ya narke a harsunan biyu bisa ƙa'ida ɗaya. Bahaushe bai kamata ya yi mamaki ba, tunda shi ma mota yake mayarwa motoci, kaza kaji.

Da wannan ma'auni masana irin su Joseph Greenberg da Paul Newman suka tabbatar da Hausa cikin harsunan Cadi, tare da Bolanci da Karekare da Ngizim da Angas. Muna cewa huɗu, Bolewa na Fika na cewa "poɗɗo". Ba wanda ya je kasuwa ya aro wannan. Larabci dangi ne, amma na can nesa, a babban gidan Afro-Asiya. Kalmominsa da muke ji kullum baƙi ne da suka shigo da addini da fatauci.

Gwandara ce ta fi kowa kusa da Hausa, sai dai kwatanta ta da Firisiyanci yana da iyaka. Firisiyanci ɗan'uwan Ingilishi ne, ko da yake masana na muhawara kan ko uwa ɗaya ta haife su ko doguwar maƙwabtaka ce ta kusanta su. Gwandara kuwa daga jikin Hausa ta ɓalle, ta cuɗanya da harsunan inda ta sauka, har ta zubar da bambancin jinsin namiji da mace a nahawu. A nan labarin bakan ya yi gaskiya a kan ƙaura, ko da bayanin sunan ƙari ne.

To ina "zamna" ta shigo? Bajamushe August Klingenheben ya nuna tun wajen 1928 cewa "m" da "b" na ƙarshen gaɓa sun koma "u" a Hausar Kano, shi ya sa ake rubuta zauna da aure da auduga. Kano ce ta sauya, Hausar yamma irin ta Karare ta riƙe tsohon sauti. Duk mai son kwatanta Hausa da danginta dole ya bi ta irin bakin dattawan Karare. Ɗaliban Hausa na jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ta Dutsin-Ma, ku naɗi muryoyinsu tun suna raye.