Dokin da Kwalliya ta Ɓoye

Ranar hawan Sallah a Karaye, wayoyi sun fi takubba yawa. Kafin magariba hotuna sun cika Facebook da TikTok: rawani, alkyabba, sirdi mai ado. Dokin da ya sha rana ya ɗauko duk wannan kuwa, da ƙyar a ga idonsa.

A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya. Girmamawar ta dace, amma masu ɗaukar hoto sun hana dabbar rabonta.

Duk wanda ya taɓa kwana kusa da barga ya san doki da halinsa. Akwai akawal mai zafin kai, wanda baƙo na matsowa zai kwantar da kunne. Akwai kili mai sanyin rai da yaro ma zai ja linzaminsa. Wani ba ya taɓa harawa sai ya ji muryar mai shi. Wannan hali ba ya fitowa a tsakiyar ƙura da ƙarar bindiga. Da sassafe ake samunsa a bakin turke, kafin a ɗaura sirdi, idan mai hoto ya tsaya daidai tsayin idon dabbar, ya yi haƙuri har ta manta da shi.

Wasu sun nuna hanya. Tim Flach na Ingila ya fitar da littafin Equus a 2008, inda ya bar dawaki su kaɗai ba mahayi. Yann Arthus-Bertrand na Faransa ya rataya tamfol a bikin noma na Paris, ya tsayar da bijimai da tumaki da masu kiwonsu kamar manyan baƙi. Har gardawanmu masu wasa da kura, Pieter Hugo na Afirka ta Kudu ne ya bi su a 2005 ya kai hotonsu duniya, ko da yake a ganin mai wannan rubutu, takunkumi da sarƙa sun rufe halin kurar.

Karaye da Rogo ba su rasa abin ɗauka ba. Ga farfarun shanun Fulani suna gangarawa ruwa a gefen dam ɗin Challawa da yamma. Ga shanun huɗa da damina, ɗaya mai himma, ɗaya sai an lallaba. Ga ragon layya, Balami ko Uda, da matar gida ta yi wata da watanni tana ba dusa da kanwa har ya san takunta. Hoton da ake yi masa ɗaya ne, daga gefe, don mai saye ya ga ƙiba, a tura ta WhatsApp da farashi a ƙasa.