Yadda Ake Tsayar da Jini a Fagen Daga

Jinin babban mutum kusan lita 5 ne. In harsashi ya tsinka babbar jijiyar cinya, cikin 'yan mintoci rai zai yi halinsa. Don haka malamin jinya na soja ya san abin da zai fara da abin da zai biyo baya.

Farko maɗauri, wanda ake kira tonike: ɗamara ce mai 'yar sanda a jikinta. Yakan ɗaura ta santimita 5 zuwa 7 sama da raunin, ba a kan gwiwa ba, ya ja ta tamau, ya yi ta murɗa sandar har jini ya ɗauke. Sai ya maƙale sandar, ya rubuta lokaci. Mai rauni zai yi kuwwa, amma ba a sassautawa. A da likitoci na gudun maɗaurin, wai yana jawo yanke ƙafa. Binciken Dakta John Kragh a asibitin sojan Amurka da ke Bagadaza a 2006 ya nuna kashi 90 cikin 100 na waɗanda aka ɗaura wa kafin jiki ya durƙushe saboda zubar jini sun rayu; waɗanda aka makara musu kuwa, kashi 10 kacal.

Hammata da matsematsi ba sa ɗauruwa. A nan sai bandeji mai haɗe da farar ƙasa, wadda ke sa jini saurin daskarewa. Da yatsa yake cusa shi cikin raunin har ya cika, sannan ya danne da ƙarfinsa minti 3 cur.

Durƙushewar jiki tana da alamu: fata ta yi sanyi, bugun jijiya ya yi sauri amma ba ƙarfi, magana ta rikice. Ƙarin ruwa da yawa yana tsinka jini, shi ya sa yanzu jini ake ƙarawa, wani lokaci daga jikin abokan aikin da aka riga aka gwada. Ana kuma yin allurar tiranezamik, mai hana gudan jini narkewa, kafin awa 3 ta cika da samun raunin. Babban gwajin da ya tabbatar da amfaninta a 2010 ya haɗa da asibitocin Nijeriya. Sai a lulluɓe mai raunin ko da ana rana, domin jinin da ya yi sanyi ba ya daskarewa da kyau.

Malalacin soja yakan bar maɗaurinsa cikin leda a ƙasan jaka. Gwani kuwa ya yi ta gwada ɗaurawa da hannu ɗaya, cikin duhu, har hannun ya haddace.