Ɗebewa da Ka: Tsakanin Farantin Talla da Allon Aji

A ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, yaro kan iya ɗebewa tun bai san sunanta a makaranta ba. Yarinya mai tallar gyaɗa a Wurno, in aka sayi ta naira 170 aka miƙa mata takardar 500, ba ta neman alli. Cewa za ta yi talatin ta cika ɗari biyu, ɗari uku ta cika ɗari biyar, ga canjinka ɗari uku da talatin. Daga ƙasa take hawa har ta cim ma kuɗin da aka ba ta. Haka ma masu awon hatsi suke yi a kasuwar Sara. Kuma dabarar tsohuwa ce, don kafin naira ta zo a 1973, 'yan kasuwa da ka suke juya fam mai sule ashirin da sule mai kwabo goma sha biyu.

Akwai dabara ta biyu a bakin dattawa. Su kan ce ashirin ba ɗaya, talatin ba biyu, maimakon 19 da 28. Mai ƙirga haka, in aka ce ya ɗebe 19 daga 52, sai ya cire ashirin, saura 32, ya mayar da ɗaya, 33 ke nan.

To, shiga aji. Malami ya rubuta 500 a sama, 170 a ƙasa, ya ja layi, ya ce bakwai ba ta fita daga sifili, sai an yi aro. Yarinyar da ba a nuna wa me ake arowa ba sai ta kifa lissafin, ta sauko da bakwai, ta cire ɗaya daga biyar, ta rubuta 470. Abin da ya fi damuna shi ne ba ta jin an yi ɓarna. A kan faranti ba za ta taɓa ba da canjin 470 ba, don ta san da yamma za a ƙirga ciniki a gida. A littafi kuwa lamba ba ta da nauyi a wurinta.

Ban ce kasuwa ta wadatar ba. Tunda kwabo ya ɓace, galibin farashi ya koma hamsin-hamsin da ɗari-ɗari, yaro sai ya goge a dunƙulallun lambobi, 83 daga 211 ta gagare shi. Lissafin ka kuma ba ya barin sawu, malami ba zai ga inda ƙafa ta zame ba. Rubutu yana da ranarsa, musamman in lambobi suka yi tsawo.

Kuskuren yana wajen tsari. A 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta ce a fara karantar da yaro da harshensa, amma a darasin lissafi da wuya a ɗauko hanyar da yake tunani da ita. Ya kamata Kwalejin Ilimi ta Gumel da hukumar ilimin bai-ɗaya ta Jigawa su horar da malamai su fara da cike gibi da baki, sannan a zana shi kan layin lambobi, aro ya zo daga baya. Malam, kafin ka ja layi a allo, tambayi ɗalibanka nawa suke tsammanin amsar za ta kai, kuma ta yaya suka sani.