Masu Rubuta Fuskokin 'Yan Poka

Wanda ya tsaya a bayan teburin poka na awa guda zai rantse babu abin rubutawa a wurin. Mutum tara a zaune, an raba wa kowa karta biyu a kife. Kowa ya ɗaga kusurwar tasa da babban yatsa, ya leƙa, ya mayar. Yawancinsu su tura kartar gaba su haƙura da zagayen. Sauran su yi shiru, sai ƙarar 'yan ƙwandalolin da ke madadin kuɗi, ana juya su tsakanin yatsu. Ba gudu, ba tsalle, ba raga. Daga wannan zaman kurame ne wasu marubuta suka fitar da littattafan da ke hana mutum barci, kuma gwanintarsu ce ta ɗauke min hankali.

Ni ba ɗan caca ba ne, matsayinta a addini ma ba ɓoyayye ba ne. Littattafan koyar da dabarun cin wasan, masu cike da lissafi, ban da abin yi da su. Waɗanda nake nufi labarin mutane ne, kuma ko wanda bai taɓa riƙe karta ba zai ji daɗinsu.

Uban tafiyar shi ne Al Alvarez, mawaƙi kuma mai sharhin adabi daga Landan. A 1981 ya je Las Vegas ya kalli gasar poka ta duniya a gidan cacar Binion's Horseshoe, gasar da Benny Binion ya soma a 1970. Mutum 75 ne suka zuba dala dubu goma-goma a babban wasan shekarar. Abin da ya gani ya fara fitowa a mujallar The New Yorker, sannan ya zama littafin The Biggest Game in Town a 1983. Sirrin Alvarez shi ne bai cika damuwa da abin da ke cikin karta ba. Hannu yake kallo, da wuya, da yadda mutum ke numfashi in ya tura dukiyarsa tsakiyar tebur alhali babu komai a hannunsa sai burga. Kunnensa na mawaƙi ne, don haka ya kama salon maganar tsofaffin 'yan Texas irin su Doyle Brunson da Jack Straus, waɗanda suka yi ƙuruciyarsu suna bin garuruwa neman wasa, ga tsoron 'yan sanda, ga tsoron 'yan fashi. Ya bar su suka yi ta zuba, shi kuma ya ja gefe. Ya kuma gano abin da ya fi ba ni tsoro a harkar: da zarar an canja kuɗi zuwa waɗannan ƙwandaloli, sun daina zama kuɗin cefane ko na haya a idon mai su, sun koma kayan aiki kawai. Mutum zai tura kuɗin gida sukutum ko ƙifta ido bai yi ba.

Abokin Alvarez na wasan poka na daren Talata, Anthony Holden, ya ajiye aikin rubuta tarihin manyan mutane ya shekara guda yana gwada rayuwa da poka, ya fito da Big Deal a 1990.

Sai James McManus, wanda ya kai abin ƙarshe. A 2000 mujallar Harper's ta tura shi Las Vegas ya ɗauko rahoton gasar, da kuma shari'ar mutuwar Ted Binion, ɗan Benny, da ake yi a garin a daidai lokacin. Sai ya ɗauki kuɗin da aka ba shi na somin-taɓi ya shiga ƙaramin wasan share fage, ya ci kujera a babbar gasa. Cikin mutum 512 ya zo na biyar, ya tashi da dala 247,760. A hanya har ya zauna tebur ɗaya da T.J. Cloutier, mutumin da McManus ya koyi dabarun gasa daga littafinsa. Wahalar irin wannan rubutu a nan take: mutum yana cikin ruwa tsundum, zuciya na dukan uku-uku, kuma dole wani sashe nasa ya tsaya a gefe yana lura da komai don ya rubuta daga baya. A Positively Fifth Street na 2003 ya saƙa zare uku wuri guda, wasan, da kotun, da matarsa da ke gida da yara tana jiran wayarsa, kuma babu wanda ya tsinke.

Michael Craig bai zauna a teburin da ya rubuta ba, tambaya ya yi ta yi har ya haɗa labarin. The Professor, the Banker, and the Suicide King na 2005 labarin Andy Beal ne, mai banki daga Dallas, wanda ya ƙudura cewa in ya ɗaga kuɗin wasa ya kai inda ƙwararru za su ji tsoro, zai karya su. Su kuma suka haɗa jarinsu wuri guda suna fuskantarsa ɗaya bayan ɗaya a otal ɗin Bellagio. Ga mai son muryar mace, akwai For Richer, For Poorer na Victoria Coren, 2009, mai cike da ƙaunar tsofaffin abokan zamanta na gidan cacar titin Edgware a Landan, da The Biggest Bluff na Maria Konnikova, 2020, masaniyar halayyar ɗan Adam da ta fara koyon wasan daga rashin sanin komai a hannun ƙwararre Erik Seidel, tana son ta gane iyakar ƙoƙari da sa'a.

Wanda ya ci gasar 1981 da Alvarez ya kalla wani siririn saurayi ne daga New York, Stu Ungar, ɗan shekara 27, kuma karo na biyu ke nan a jere. Mai karatu zai so ya san yadda ta ƙare da shi, kuma One of a Kind na Nolan Dalla da Peter Alson, 2005, ya bi shi har ƙarshe. Dalla ya zauna da Ungar yana naɗar maganarsa da niyyar su rubuta tarihinsa tare. Ba su ɓoye hodar iblis ɗin da ta cinye masa hanci ba, ba su kuma rage masa komai daga baiwarsa ba, har da dawowar da ya yi ya sake cin gasar a 1997. A watan Nuwamba na 1998 aka tsinci gawarsa a ɗakin wani ƙaramin masauki a Las Vegas, yana da shekara 45. Muryarsa da aka naɗa tana nan cikin littafin, yana ba da labarin kansa.